Tsohon da Ba Ya Tsallake Layi

A wajenmu mutum zai iya mutuwa a kan layi, amma ba zai shiga gaban wanda ya riga shi ba. Ba ba'a nake yi ba. A nan aka haife ni, cikin tuddan nan na Yorkshire a Ingila inda tumaki suka fi mutane yawa, kuma na tsufa ina aikin likitan dabbobi a ɓangaren gaggawa na asibitin dabbobin garinmu. Na ga irin wannan ba adadi. Amma ta Wilf Capstick ita ce ta ƙi fita daga raina.

Aikin gaggawa ba ruwansa da layi. Dabbar da ta fi kusa da mutuwa ita ake fara gani, ko da yanzu aka shigo da ita. Mun rubuta haka da manyan baƙaƙe mun manna a bango, Bev da ke karɓar mutane a kantar bakin ƙofa kuma tana faɗa wa kowa da bakinta. Mutanenmu sai su gyaɗa kai, su ce to, su sami kujera su zauna, kowa yana riƙe a ransa wa ya tarar, wa ya zo bayansa. Takardar bango kuwa ado ce kawai.

Ranar Lahadi ce bayan azahar, ana ta yayyafi. Lahadi kowane gida ana gasa nama, saboda haka a wajenmu ranar karnuka ce: wannan ya haɗiye ƙashi, wancan ya sace kitse ya cika ciki yana nishi. Ɗakin jira ya cika. Ga wata mata da kyanwarta da aka ciza a kunne, ga wasu miji da mata da zomon da ya daina cin abinci, ga wani Mista Pickersgill, mai kantin sayar da kafet, rungume da ɗan mitsitsin karensa da ƙaya ta shiga tafin ƙafa. Irin hayaniyar da yake yi sai ka ce an guntule ƙafar.

Na fito kiran na gaba, na ga wani tsoho a kusurwa, sanye da kwat da taye, hularsa a kan gwiwa, ba dabba a kusa da shi. Na shiga na fito, yana nan. Na sake shiga na fito, yana nan yadda na bar shi, ko motsi bai yi ba.

Na leƙa kanta na ce, "Bev, wancan tsohon fa? Ina dabbarsa?"

Ta ce, "Wilf Capstick ne, na can saman tudu. Karensa yana mota. Wai cikinsa ne ya ɗan ɓaci, ba abin gaggawa ba ne. Na ce ya shigo da shi nas Dawn ta duba, ya ce a'a, yana dalalar da yawu, kada ya ɓata mana daɓe. Ɗazu ma na kira shi, ya bar wa mai kyanwar nan, wai ya ga tana kuka."

Na san irinsu, domin irinsu ne suka haife ni. Makiyayin tudu shi ke ɗinke tunkiyarsa da kansa, shi ke karɓar haihuwarta cikin ƙanƙara, in ya yanke a hannu ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. In ka ga ya ɗaura taye ya tuƙo mota ya sauko gari ranar Lahadi, to banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na je na tsaya a gabansa. "Mista Capstick, ni ce Likita Alderson. Me ke damun karen?"

Ya miƙe, don ba zai zauna mace na tsaye ba. "Sannu da aiki, Likita. Ba wani abu ba ne. Ki gama da bayin Allahn nan tukuna, sun riga ni."

"Ba su riga ka ba, Bev ta gaya mini. Me ke damunsa?"

"Bai dai ji daɗin jikinsa ba. Yana ta kakarin amai, ba abin da ke fitowa."

"Cikinsa ya kumbura?"

"Ya ɗan tasa."

"Tun yaushe?"

Ya juya hular a hannunsa. "Tun safe."

Ban ƙara tambaya ba. Na ce ya wuce mu je motar, kuma ya ɗaga ƙafa.

Tsohuwar akori-kura ce mai rufi a baya, tana warin jiƙaƙƙen gashin tumaki. Karen yana kwance a kan buhu, tsohon ya lulluɓe shi da babbar rigar sanyinsa. Tarn sunansa, dogon kare ne ruwan toka, mai zurfin ƙirji, irin masu gudun nan. Na yaye rigar. Cikin ya yi tam. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa kamar ganga. Na ɗaga leɓensa, dasashin da ya kamata ya yi ja ya koɗe ya yi fari fat. Duk da haka da ya ji hannuna sai ya ɗan buga bindi a kan buhun. Na ce a raina, kai ma ladabin aka koya maka.

Tumbinsa ne ya murɗe. Yakan faru da manyan karnuka masu zurfin ƙirji: tumbi ya juya ya shaƙe kansa ta sama da ta ƙasa, iska ta taru ba hanyar fita, jini ya daina isa gare shi, naman ya fara mutuwa tun kare yana da rai. A duk abin da ake kawo mana, ba wanda ya kai shi ƙin jira.

Na ƙwala wa Dawn kira, nas ɗinmu, ta fito da gadon turawa. Muka ɗora shi muka nufi ciki ta tsakiyar ɗakin jira. Mista Pickersgill ya miƙe.

"Haba Likita, ni fa tun ɗazu nake zaune a nan."

Kafin in buɗe baki, sai na ji muryar tsohon a bayana. Ya tsaya cak, ya dafa ƙirji. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ba da nufi ba ne. Ni ma ban so haka ba."

Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba. Na ce, "Mista Capstick, in ka sake ba wani haƙuri a ɗakin nan, waje za ka jira. Riƙe mana ƙofar can." Na juya ga ɗayan na ce, "Kai kuma zauna. Ƙaya ba ta taɓa kashe kare ba."

Ya zauna. Tsohon ya riƙe ƙofar, kunnuwansa sun yi ja wur don kunya.

A ciki ba mu tsaya surutu ba. Dawn ta aske ƙafafun gaba, muka sa masa ƙarin ruwa ta jijiya a duka biyun muka buɗe shi yana zuba. Na ba shi maganin ciwo. Na nemo inda cikin ya fi kumbura ta gefe, na soka allura mai kauri, iska ta fara fita da wani tsami mai hawa kai. Cikin ya ɗan saki, numfashinsa ya ɗan daidaita. Hoto ya nuna abin da na riga na sani. Na fita wajen tsohon, yana tsaye a lungu inda muka bar shi, don ba wanda ya ce ya zauna.

Na yi masa bayani a taƙaice. Sai an buɗe shi, kuma yanzu. In na tarar tumbin da sauran rai, zan warware shi in ɗinke shi a jikin bangon ciki don kada ya sake juyawa. In ya riga ya mutu gaba ɗaya, ba zan bari karen ya farka ba.

Ya ce, "Zai ji zafi?"

"Ba zai ji komai ba."

"Zai tashi?"

"Ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya kamata in wuce in wanke hannu, amma abin yana cina.

"Me ya hana ka zuwa tun safe?"

"Lahadi ce, Likita. Na ce mutane suna gida da iyalansu. Na zaga da shi gona, na ba shi ruwan ɗumi, na ce ko zai wuce."

"To da ka zo ɗin fa? Me ya hana ka cewa karenka na mutuwa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa bai shigo ta taga ba. "Na tarar da mutane," in ji shi.

Ina wanke hannu ina tafasa. Amma fushin nan ba da shi kaɗai nake ba, kuma ba fushi ne zalla ba. Halin nan da ya zaunar da shi a kujera, shi ne halin da ke sa ka tashi da safe ka tarar an share maka ƙanƙarar ƙofar gida ba ka san wa ya yi ba. Shi ne ke sa maƙwabci ya gyara maka katangar dutse da ta rushe, in ka yi godiya ya ji haushi. An raine mu a kan cewa damuwarka taka ce, kada ka ɗora wa wani, kada ka ɗaga murya, kada ka ɗauki kanka kamar ka fi na kusa da kai. Mahaifina ya yi noma da karyayyen haƙarƙari har kaka ta wuce, don likitan ƙauyenmu a cewarsa yana da marasa lafiya na gaske. Ina son mutanen nan, ina alfahari da su. Sai dai kare ba shi da baki. Duk abin da mai shi ya haɗiye, da shi ake haɗiyewa, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Muka yi masa allurar barci, na buɗe shi. Tumbin ya juya sosai, ya ja saifa ya tafi da ita, ta kumbura ta yi baƙi. Na sa hannu na kama, na juya shi a hankali ya koma mazauninsa. Dawn ta zura roba ta baki muka zuƙe abin da ke ciki. Daga nan sai abin da na fi tsana a aikin nan: ka tsame hannunka ka zuba ido. In naman yana da sauran rai, jini zai dawo masa ka ga yana yin ja a gabanka. In ya mutu, haka zai zauna. Ba dabara, ba magani, sai kallo.

Dawn ta ce, "Ga shi nan yana dawowa ta nan ƙasa."

"Na gani. Dubi can sama."

Yawancinsa ya dawo, daga shuɗi-shuɗi zuwa ja. Amma wani yanki mai faɗin tafin hannu ya ƙi. Ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na yanke shi, na ɗinke bakin, na cire saifar don ba ta da sauran amfani, na ɗinke tumbin a jikin bango. Ana cikin haka zuciyarsa ta fara tuntuɓe, na'ura ta fara ƙara, muka ba shi magani ta lafa. Da na rufe ɗinkin ƙarshe bayana ya riƙe, ga yunwa, don ko abincin rana ban ci ba.

Na fito wajen magariba. Abokin aikina da aka kira ya sallami sauran mutanen, ɗakin jira ba kowa sai tsohon. Daɓen yana sheƙi. Bev ta yi mini nuni da ido: ya karɓi abin goge ƙasa a hannunta ya goge duk inda yawun karensa ya ɗiga, tun daga ƙofa.

Na ce, "Yana da rai. Ban ce ya tsira ba, amma yana da rai. Na yanke wani yanki na tumbin da ya mutu. Kwanakin nan na gaba su ne abin tsoro, ko zuciya ta ba mu matsala, ko ɗinkin ya yi yoyo."

Ya kalli takalmansa. Can ya ce, "Wannan da kika yanke. Da na zo da safe fa?"

Na san abin da ake so likita ya faɗa a irin wannan wuri. A ce ai ba wanda ya sani, a ce ka yi iya ƙoƙarinka. Na faɗi haka ga mutane da yawa, kuma ban yi nadama ba. Amma wannan karen in ya rayu hannun mutumin nan zai koma, can saman tudu inda ba mai ganinsu.

Na ce, "Da ba a yanke komai ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na gode da ba ki rufe ni ba," in ji shi. Ya sa hularsa, ya yi wa Bev sallama, ya fita ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.

Tarn ya ba mu wahala. Zuciyarsa ta yi ta wasa da mu, ta daidaita ta sake rikicewa. Ya kwanta a kejinsa da robobi a jiki, ido buɗe, ba ya kuka, ba ya kallon abinci. Muka kawo masa dafaffiyar kaza, ya kau da kai. Dawn ta zauna a ƙasa tana lallashinsa, ya ƙi.

Ana nan sai Bev ta shigo ta ce, "Likita, kin san mutumin nan kullum yana zuwa?"

"Wane mutum?"

"Wilf. Kullum da rana zai zo ya ajiye mota a can ƙarshen fili ya zauna a ciki. Jiya na je na same shi, ya ce bai so ya dame mu da tambaya ba, ya san in akwai labari za mu kira."

Na ce, "Je ki kawo shi. In ya ƙi, ki ce masa ni na ce, kuma raina a ɓace yake."

Ya shigo yana goge ƙafa a tabarmar ƙofa kamar zai huda ta. Ya durƙusa a gaban kejin da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Bai rungume karen ba, bai ce masa komai na daɗi ba. Cewa ya yi, "To, malalaci. Kwanciya ta yi daɗi ko?" Ya ɗauki tsokar kaza ya miƙa masa a tafin hannu, yana kallon bango kamar ba ruwansa. Tarn ya shinshina, ya lasa, ya ɗauka. Dawn ta juya baya tana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara.

Daga ranar ya fara samun sauƙi. Da lokacin sallama ya yi, na zaunar da tsohon a ofishina. Na gaya masa abinci kaɗan-kaɗan, ba gudu bayan ci, ga magunguna. Sannan na zo kan abin da ya fi damuna.

"Mista Capstick, ka saurare ni. Ɗinkin cikin nan bai gama kamawa ba. In ka ga yana kakarin amai, ko ciki ya tasa, ko ya kwanta ya ƙi tashi, ka ɗauko shi. Ba ruwanka da Lahadi, ba ruwanka da wa ka tarar. Kada ka zauna, kada ka gaisa da kowa. Ka wuce kai tsaye ka buga ƙofata."

"To, Likita."

"To ɗin nan naka bai gamsar da ni ba. Za ka yi?"

Ya yi ɗan murmushi. "Za a ga abin da hali ya yi."

Na bi su da kallo ta taga, shi a gaba, karen a baya yana tafiya a hankali da askakken ciki. Bev ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Hali zanen dutse, Likita." Abin da nake tsoro ke nan. Na yi aikina, ɗinkina mai kyau ne, amma ran karen nan yanzu ba a hannuna yake ba. Yana hannun mutumin da gara ya haɗiye garwashi da ya ce wa baƙo matsa in wuce. Kwanakin da suka biyo baya, duk waya ta yi ƙara sai in ɗaga kai, in ba shi ba ne kuma hankalina bai kwanta ba, don shirunsa ba ya nufin lafiya.

Ranar Asabar da hantsi, ranar kasuwar garinmu, ɗakin jira ya cika har wasu na tsaye. Ina bakin ƙofata ina sallamar wata mai kyanwa, sai ƙofar waje ta bugu da bango. Wilf Capstick ne. Ba kwat, ba taye, takalman gona ne a ƙafarsa da taɓo har ƙauri. Ya rungumo karen a ƙirji yadda ake ɗaukar tunkiya, ƙafafun suna reto. Mutumin da ya doshi tamanin. Fuskarsa ta yi ja, yana haki, bai kalli kantar Bev ba, bai kalli kowa ba.

Wata mata mai jar hula da ke tsaye da kwandon kyanwa a hannu ta ce, "Bawan Allah, layi fa ake bi."

Ya ce, "Na ga layin." Ya ratsa ta gefenta har kafaɗarsa ta goge ta, ya zo gabana. "Likita, kakarin nan ya dawo."

Na ture ƙofa da ƙafa muka shiga. Ya ɗora shi a kan teburi. Hannuna ya riga tunanina isa cikin karen. Na danna, laushi. Na ƙwanƙwasa, ba ƙara. Na ɗaga leɓe, dasashi ja sosai. Na saurari zuciya, tana tafiya daidai. Na auna zafin jiki, lafiya lau. Ina tsaye ina tunanin ko in sa a ɗauki hoto, sai Tarn ya miƙa wuya, ya yi kakari mai ƙarfi, ya amayo wani dunƙulen gashin tumaki haɗe da ciyawa a kan takalmina. Ya girgiza kai, ya lashe baki, ya fara kaɗa bindi yana shinshinar aljihuna.

Dawn ta tuntsire da dariya. Ni ma na kusa, don wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina. Na sake duba shi daga kai har bindi don in tabbata.

Na ce, "Gashi ya tsinta a jikin wayar shinge ya haɗiye, ya maƙale masa a wuya. Ɗinkin lafiya lau. Ba abin da ya same shi, sai rashin ji."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya dafa teburin da hannu biyu. Ya dubi dunƙulen gashin, ya dubi sawun taɓon da ya bari tun daga ƙofa.

"Gashi," in ji shi.

"Gashi."

"Likita, tun da uwata ta haife ni ban taɓa shiga gaban wani ba. Yau na yi. Na ture mace. Ashe a kan gashi."

Na ce, "Ba ka san gashi ba ne. Ni ma da na gan ka ban sani ba. Abin da na ce ka yi shi ka yi, kuma na ji daɗi. Na fi son in ga irin wannan kullum da in sake ganin irin na Lahadin nan."

Bai ji ni ba, ko ya ji bai karɓa ba. Ya sauke karen, ya ɗaura masa igiyar da Dawn ta miƙa masa, ya nufi ƙofa. Na ce akwai ƙofar baya in yana so. Ya girgiza kai.

Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Kowa ya ga karen da aka shigo da shi a rungume yana fitowa da ƙafafunsa yana kaɗa bindi, kuma kowa ya sunkuyar da kai yana kallon wani wuri, don mu ba ma kallon mutum a lokacin da yake jin kunya. Wilf ya tafi kai tsaye gaban mai jar hular, wadda yanzu ta sami kujera. Ya cire hularsa. Na ce a raina, to, ga ruwan haƙuri nan zai zubo, duk abin da muka gina ya rushe.

Ya ce, "Baiwar Allah, na tsallake ki, na kuma ture ki. Ba abin da ya sami karen. Gashi ya haɗiye. Ya kamata ki sani."

Matar ta buɗe baki za ta ce ba komai, kamar yadda kowannenmu zai ce. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Ban gama ba. In ya sake yi gobe, zan sake tsallake ki." Ya ci gaba da ƙarfi yadda duk ɗakin ya ji. "Matata ta rasu, tumakin na sayar. Da shi nake magana da safe. Shi kaɗai ya rage mini, kuma saura kaɗan in kashe shi da kunya."

Ba wanda ya motsa. Hawaye na bin kumatunsa yana tsaye a tsakiyar mutane da hula a hannu, bai share ba.

Matar ta dube shi, ta dubi karen. Ta ɗauke kwandon kyanwarta daga kujerar da ke kusa da ita ta ɗora a cinya.

"Zauna, Baba," in ji ta. "Ƙafafunka na rawa."